Talata a Birnin Kebbi: Takardar Kwamitin Ladabtarwa

Bayan sallar Azahar ɗan yayata ya same ni a zaure, ya miƙo mini takardar da jami'arsu ta ba shi, ana kiransa gaban kwamitin ladabtar da ɗalibai jibi Alhamis. Laifinsa shi ne ya tara abokan ɗakin kwanansa sun tattauna matsalar ruwa da ƙarin kuɗin makaranta ba tare da izini ba, kuma ɗaya daga cikinsu ya zo da hula mai tambarin jam'iyya. Hannunsa na rawa ya ce, "Kawu, wallahi maganar famfo muka yi, ko sunan ɗan takara ba a ambata ba."

Na karɓi littafin dokokin ɗaliban na karanta a tsanake. An hana kamfe da liƙa fastocin jam'iyyu a harabar makaranta, kuma ban ga aibun haka ba, domin duk mun san yadda 'yan siyasa ke mayar da samari 'yan banga da 'yan kuɗi kaɗan. Abin da ya dame ni shi ne sakin layin da aka kama shi da shi, wanda ya haramta kowane irin taro sai da amincewar hukumar makaranta, ta yadda kukan rashin ruwa ma sai ya nemi izinin wanda ake kuka da shi.

Wannan tsari gadon mulkin soja ne. A 1978 gwamnatin Obasanjo ta rushe ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, bayan zanga-zangar ƙarin kuɗin abinci da masauki. A 1986 aka harbe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Sannan a 1989 gwamnatin Babangida ta kafa doka mai lamba 47, wadda ta ba hukumomi ikon dakatar da ƙungiyoyin ɗalibai ko rushe su. Amma sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin taruwa da shiga ƙungiya, kuma tun 2018 mai shekara 25 na iya tsayawa takarar majalisar jiha ko ta wakilai. Ta yaya yaron da ƙasa ta amince ya zaɓi gwamna za a ce bai isa ya tambayi inda ruwan ɗakin kwanansa ya tafi ba?

Bayan Magariba muka je wurin maƙwabcina lauya. Ya tuna mana da shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, wadda a 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar ɗalibai saboda ba a yi musu adalci wajen sauraron ƙara ba. Ya sa muka rubuta amsa cikin ladabi, muka nemi a bayyana tuhumar a rubuce, a kuma bar yaron ya kawo shaidu daga cikin waɗanda suka halarci taron. Gobe da safe zai kai ta ofishin magatakarda ya karɓo shaidar an karɓa.