Abin da yashe kwata a Legas ya koya min game da kududdufin garinmu

Shekara uku na yi a Legas ina aikin da in an tambaye ni a gida sai in ce aikin kamfani ne in ja bakina, don maganar gaskiya yashe kwata muke yi. Wani ɗan kwangila ne ya ɗebe mu, yawanci 'yan Jigawa da Kano, aikinmu mu shiga magudanan ruwa da shebur da baro mu kwaso laka da leda da duk wani tarkacen da mutum ya wurga ya juya baya. Sai yanzu da na dawo ƙauyenmu nan ƙasar Ringim na koma gona nake gane ashe makaranta na shiga ban sani ba.

Ranar farko da aka ba ni yara shida in jagoranta na tafka shirme. Wani layi ne a wajen Lekki, ni kuma da zafin nama na ce mu fara daga sama inda kwatar ta taso mu biyo ta. Kwana biyu muna aiki ba ji ba gani, kwata ta yi fes, daren na uku aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, ruwan da a da yake tsattsayawa a hanya sai ya samu hanya ɗoɗar ya gangaro da gudu ya tarar da kwalbatin ƙasa a toshe, kawai ya juya ya faɗa shagunan mutane. Wata mai sayar da garin kwaki ta yi ta zazzaga mana Yarbanci, ko kalma ɗaya ban ji ba amma na fahimta sarai. Injiniyanmu bai yi faɗa can ba, jana ya yi har bakin inda babbar kwatar ke zubewa a tafkin Legas ya ce daga nan ake farawa, ka buɗe mafita tukuna sannan ka hau sama. An yanke min kuɗin kwana biyu, wannan kam har yau ina ganin ba a kyauta min ba tunda ba wanda ya faɗa min tun farko.

A wurin na ga abin da ɗan tudu irina bai taɓa kawowa a ransa ba. Teku tana cika tana janyewa sau biyu kullum, tafkin kuma haɗe yake da ita ta wajen Apapa, to in aka yi rashin sa'a ruwan sama ya sauko daidai lokacin da ta cika, komai tsabtar kwata ruwa ba shi da inda zai zuba, wani lokacin ma da idona na ga yana tafiya baya-baya yana komawa cikin gari. Lekki da Biktoriya Ailan kusan kai ɗaya suke da teku. Ruwan da aka yi ranar 3 ga Yuli 2024 ina can, tun asuba ake abu ɗaya, motoci a Iyana Oworo sai rufinsu kake hangowa. Kuma damina biyu gare su, ta farko daga wajen Afrilu zuwa Yuli, a ɗan sarara a Agusta, a dawo Satumba da Oktoba.

Amma tekun ba ita kaɗai ce mai laifi ba. Yawancin wuraren nan da fadama ce, aka cike da yashi aka dasa benaye aka shafe tsakar gida da siminti. Ruwan da zai sauka a fadama ya kwanta ƙasa ta shanye shi a hankali, yanzu daga kwano sai siminti sai kwalta sai kwata, duk a minti kaɗan, kowa na korar nasa zuwa ƙofar maƙwabci.

Ruwan farko bayan an daɗe ba a yi ba shi muka fi tsoro. Baƙi ƙirin yake zuwa, da baƙin man makanikai yana sheƙi a kai, da jinin mayanka, ga masu jiran a fara ruwa da daddare su buɗe masai su sako a kwata wai ruwa zai tafi da shi. Zai tafi da shi ina? Tafkin nan dai da mutanen Makoko ke kamun kifi a ciki, kifin da za a soya gobe a sayar mana. Da kwalara ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024 mu da ke cikin kwata ba mu yi mamaki ba, biyu cikin yaranmu sai da aka yi musu ƙarin ruwa. Gwamnatin jihar ta hana farar robar tekawe ɗin nan a Janairun 2024, kuma a inda muke aiki na ga ta ragu, ledar fiya wata ce dai ko gezau. Mu ma fa ba wankakku ba ne, sau nawa muna tara dagwalo a bakin titi tifa ba ta zo ba, ruwa ya maida shi inda muka kwaso.

To na dawo gida bara sai na tarar ana maganar cike kududdufin bayan masallaci a yanka filaye. Kududdufin nan daga shi kakanninmu suka haƙi ƙasar da aka gina rabin garin, kuma duk ruwan unguwarmu can yake gangarawa ya kwanta har kaka, shanu su sha, a yi bulo. Ambaliyar 2022 ba na nan, ta waya aka faɗa min ɗakin Baba ya zube, kuma in ka tambayi kowa zai ce dam ɗin Tiga ne da na Challawa da ciyawar kachallar da ta toshe kogin Haɗeja. Ban musa ba. Sai dai wancan ruwan kogi ne, da jinga ake tare shi, ruwan saman da ya sauka a tsakar gidanka kuwa ba dam ɗin da za ka ɗora wa. Birnin Kano ma kududdufai nawa aka cike aka yi gini a kai, ga shi duk damina ana kuka.

Na samu mai unguwa bayan la'asar na durƙusa na ce ranka ya daɗe, in aka cike wurin nan ruwan ina zai je? Ya ce a yi masa lambatu mana. Na ce lambatun ya kai shi ina, gangaren ai gidan liman ne da rijiyar da duk muke sha. Ya yi shiru, can ya yi dariya ya ce wato kai Ikkon da ka je ruwa ka karanto. Baffana da ke gefe, wanda yana cikin masu son filin, ya ce wurin ai sauro kawai yake tarawa da shara, yara kuma na faɗawa. Nan kam ya fi ni gaskiya, don mu muka maida shi juji, har jarkar maganin feshi a ciki ake wankewa, ga makwararar bayan gida biyu da aka karkato ciki, alhali in ya tumbatsa fadama yake bi ya shiga kogi, mutanen Haɗeja har Nguru su sha, kamar yadda mu ma muke shan abin da masana'antun fata na Kano suka sako daga sama.

An dai tsaya a kan ba za a cike ba bana. Za a yi gayya ranar Asabar a kwashe sharar, a toshe makwararan nan biyu kowa ya haƙa rami a gidansa, a kewaye gefen da yara ke bi da ƙaya. Matasa sun so a fara daga bakin kasuwa don nan ne ido ke gani, na ce a'a, ku kawo shebur ɗinku ta ƙasa wajen kwalbatin hanyar gona. Baffa har yanzu ciki-ciki yake amsa gaisuwata.