Abin da fadamar Dilimi ta koya mini

Na karɓi hayar wata 'yar fadama a bakin kogin Dilimi da yake ratsa Jos, can ƙasa da Naraguta, don in noma kabeji da karas in riƙa kaiwa kasuwar Farin Gada. Mai gonar dattijo ne da ya yi ƙuruciyarsa a aikin kuza. Na ce masa, "Baba, ina za ku so a kafa injin ban-ruwa?" Ya ce, "Ɗana, bar zancen inji tukuna. Nemo mini hanyar da ruwa zai bi ya fita."

Jos tana kan tudu ne mai tsayin kusan mita 1,200, shi ya sa baƙo yake zaton ruwa ba ya kwana a nan. Yana kwana kuwa. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka birkice ƙasar kwarurrukan nan suna wanke kuza, suka bar tarin yashi da tsakuwa a nan, danƙararren yumɓu a can. A gonata, taku goma ya isa ka bar ƙasar da take shanye ruwa nan take, ka faɗa wadda take riƙe shi har saiwa ta ruɓe. Tsoffin ramukan haƙar da suka zama kududdufai, waɗanda muke kira dam, su ne suke ciyar da noman rani a wurare da yawa har Bukuru.

Aikin da ya fi cin ƙarfina shi ne babban lambatu. Mun haƙa shi daga gindin tudu zuwa kogi, da ɗan gangare kaɗan, domin in ya cika gangarowa sai ruwan ya ci bakinsa ya zama zaizaya. Ƙananan magudanai suka bi tsakanin fangaloli suna zuba a cikinsa. A ɓangaren yumɓu na ɗaga kunya sosai na sa kabeji. Karas kuwa na kai shi wajen yashi, inda yake miƙewa ba ya yin ƙafa biyu. Kuma lambatu ba na mutum ɗaya ba ne. Idan maƙwabcinka na ƙasa bai yashe nasa ba, ruwanka a gonarka zai dawo, don haka muke yin gayya kafin ruwan Afrilu.

Abin da yake ci mini rai shi ne leda. Takin bola da muke saya daga cikin gari yana gyara ƙasa, amma da leda yake zuwa, kogin ma da ita yake gangarowa, ita ce take toshe bakin magudana. Duk wanda ya ga ambaliyar Yulin 2012, lokacin da madatsar Lamingo ta tumbatsa ruwa ya afka wa unguwannin Rikkos da Gangare, ba zai raina Dilimi don ya gan shi siriri da rani ba.

Ruwan da nake saki ma ba ɓacewa yake yi ba. Yana bin Dilimi ya shiga ƙasar Bauchi, ya haɗu da kogin Bunga wanda yake zama Jama'are, ya malala cikin fadamun Hadeja da Nguru. Tun da aka datse ɓangaren Hadeja da madatsun Tiga da Challawa, masu shinkafa da masunta na can sun ƙara dogara da abin da yake sauka daga wajenmu. Shi ya sa na daina wanke tankin feshi a bakin lambatu, na haƙa masa rami daban a can kan tudu.