Tukunyar shinkafar da ta cinye min kuɗin adashi

Har yanzu in na tuna warin wayar lantarkin da ta ƙone a kicin ɗina raina ɓaci yake yi. Wata takwas ina zuba adashi, ranar da na ɗauka ban tsaya ko'ina ba sai babbar kasuwar Birnin Kebbi, don na gaji da dawowa daga makaranta ƙarfe biyu in tarar da yara suna jiran in hura gawayi. Tukunyar lantarki ta dafa shinkafa nake so, mai ƙarko.

Kowa ya ce min kayan gwanjo sun fi sababbi inganci. Na samu wata mai nauyi, murfinta na gilas, mai shagon ya ce daga Amurka ta zo. Filoginta mai ƙafa biyu ne faffaɗa, bai shiga soket ɗinmu, sai ya haɗa min da ɗan adafta. A nan na yi kuskuren. Na ɗauka in filogi ya shiga, magana ta ƙare.

Na wanke shinkafa 'yar Argungu, na rairaye tsakuwa, na zuba ruwa na jona. Ko minti uku ba a yi ba hayaƙi ya tashi daga ƙasanta, fitilar ta mutu. Ko ɗumi ruwan bai gama yi ba.

Da na kai wa mai gyara, bai ko kwance ta ba, kife ta kawai ya yi ya nuna min wata 'yar takarda da ke manne a gindinta. "Hajiya, kin ga nan? 120V aka rubuta. Wutarmu 230 ce." Ya bayyana min cewa in ƙarfin wuta ya ninka biyu, zafin da farantin da ke ƙasan tukunyar ke fitarwa kusan ninki huɗu yake yi, shi ya sa ya ƙone nan take. Adafta kuwa siffar filogi kaɗai yake canjawa, ba ya rage wuta ko kaɗan. Na ce, "Malam, to ba gyara?" Ya ce ko an samu farantin, sai na sayi tiransifoma mai rage wuta na wat 1000, kuma kuɗinsa ya kusa na sabuwar tukunya. Mai shagon kuwa ya ce kaya sun riga sun bar hannunsa.

Takarda ce da ba ta kai faɗin ashana ba. Da na kife tukunyar a shago, da kuɗina na nan.

Wata huɗu na ƙara kan gawayi kafin na sake saye. Wannan karon tun kafin mai shago ya faɗi farashi na juya ta, na ga 220–240V da idona, na sa aka jona ta a gabana har ruwa ya tafasa. Na duba wat ɗinta kuma, wato yawan wutar da take ci, 700 ne, lita 1.8, ta ishi gidanmu mu shida. Wannan lissafin yana da amfani saboda ƙaramin janaretanmu, in na jona ta sai an kashe firij.

Tukunyar ciki na zaɓi mai kauri ta ƙarfen da ba ya tsatsa, na ƙi mai baƙin shafin nan da ke hana kamu. Ta yayata haka take, yara suka riƙa kankare ƙanzo da cokalin ƙarfe, cikin shekara guda shafin ya fara ɓarewa yana bin abinci. Kuma duk gidan da ake tuƙa tuwon shinkafa, wata rana sai wani ya sa muciya a ciki. Tawa tana ɗan kama ƙasa, amma in na jiƙa ta da ruwa ta saki. Na kuma guji masu allon lambobi da maɓallai barkatai. Mai maɓalli ɗaya aikinta sauƙi ne: muddin akwai ruwa zafi ba ya wuce digiri 100, da ruwan ya tsotse zafi ya haura sai ta kashe kanta ta koma ɗumamawa. Irin wannan in wuta ta ɗauke ta dawo, ci gaba take da dahuwa, kuma mai gyara na unguwa ya san cikinta.

Shinkafarmu ta gida da aka turara ta fi son ruwa fiye da abin da layin cikin tukunyar ke nunawa, ni kofi biyu nake sa wa kowane kofi guda. A goge gindin tukunyar ciki ya bushe kafin a ɗora ta kan faranti.

Ta farkon tana nan saman kabad, ban iya zubar da ita ba. Makon jiya maƙwabciyata ta shigo da injin markaɗe da ɗanta ya aiko mata daga waje, tana neman aron adafta. Na karɓe shi daga hannunta na kife. 120V ne.