Cocin Sant Climent na Taüll: ginin yana ƙauye, zanensa yana birni

A kwarin Boí, cikin duwatsun Firenis na yankin Kataloniya a Sifaniya, akwai ƙauyen Taüll. Ranar 10 ga Disamba 1123 Bishop Ramon na Roda ya keɓe cocin Sant Climent a nan, washegari kuma ya keɓe na Santa Maria a ƙauyen dai. A 2000 UNESCO ta sa majami'un kwarin guda tara cikin kayan tarihin duniya.

Ginin ba shi da wuyar fahimta. Zaure ne mai layi uku, ginshiƙai kewayayyu sun raba su, kowane layi ya ƙare da lungu mai siffar rabin da'ira ta gabas. Rufin katako ne aka lulluɓe da falalen dutse, shi ya sa bangon bai ɗauki nauyin da zai tsaga shi ba. Hasumiyar ƙararrawa hawa shida ce, tagoginta suna ƙara faɗi yayin da ake hawa, dabarar rage nauyi ce daga sama.

Amma abin da ya fito da sunan cocin shi ne zanen Almasihu a lungun tsakiya, riƙe da littafi mai rubutun Latin da ke cewa shi ne hasken duniya. An zana shi ne a kan ɗanyen shafen farar ƙasa, launi ya shiga jikin shafen yayin da yake bushewa. Tsakanin 1919 da 1923 aka ɓamɓare shi aka kai Basalona, don dillalan kayan tarihi sun riga sun fara sayar da irinsa zuwa Amurka.

Yadda ake ɓamɓarar ya cancanci a tsaya a kai. Ana manna ƙyalle da gam na fatar dabba a fuskar zanen, a bar shi ya bushe sarai. Gam yana bushewa yana tsukewa, sai ya kama fatar launin. A ja ƙyallen sannu, a naɗe. Daga baya a manna bayan zanen a sabon ƙyalle da gam da ruwa ba ya narkarwa, sannan a wanke na gaba da ruwan zafi. In bango na da danshi, gam ba zai kama ba, launi ya tsaya a baya. Ko an dace ma, saman launin kawai ake ɗauka. Ragowarsa na nan a bangon Taüll, inda tun 2013 ake haska hoton cikakken zanen a kai da na'ura.