Wayar da za ta ɗauki aikin Kwari ba tare da ta cinye jari ba

A Kantin Kwari nake sayar da atamfa da shadda da leshi, kuma yanzu akasarin cinikina a cikin waya ake ƙulla shi. Mai saye tana Maraɗi ko Damagaram ko Garwa, ta ce a turo mata hoton sabbin kaya, ta zaɓa, ta turo kuɗi, in sa yaro ya kai tasha. WhatsApp ne da kyamara da manhajar banki, tun safe har a tashi kasuwa. Ana gab da azumin 2024, daidai lokacin da kasuwar kayan sallah ke buɗewa, tsohuwar wayata ta fara gazawa. In buɗe hoto ta maƙale, in koma duba ko kuɗi sun shigo ta fitar da ni, ga mutum tsaye yana jira in sallame shi.

Lokacin kuwa ba na sayen waya ba ne. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, waya kuma daga waje ake shigo da ita, galibi daga ƙasar Sin. Kuɗin da a da za su saya maka ta tsakiya mai kyau, yanzu da ƙyar su kai ka ga ta ƙasa. Ni kuma duk abin da na zuba a waya, daga jarin atamfa na zare shi.

Da na shiga kasuwar waya ta Farm Centre, ban nufi masu sayarwa ba. Teburin ɗan yayata na fara zuwa, wanda ya daɗe yana gyaran waya a can. Mai sayarwa ya san wayar da ke tafiya a kasuwa, mai gyara kuwa ya san wadda ake dawowa da ita a leda. Bai tambaye ni nawa na zo da su ba.

"Kawu, me za ta riƙa yi maka? Kana gem?"

Na ce ni da gem sai dai in ga yara na yi. Hoto ne, da bidiyon kaya na 'yan daƙiƙoƙi, da banki, da kira a layi biyu.

"To ka rabu da abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali. Ka nemi wanda aka rubuta da ƙanana, ko wanda ba a ma rubuta ba."

Abin da yake nufi shi ne injin wayar, furosesa. Talla ba ta cika ambatonsa ba, amma shi ke yanke hukuncin ko waya za ta yi sauri ko za ta riƙa jan ƙafa bayan wata shida. A wayoyi masu araha sunaye kaɗan ne ke yawo. Akwai na can ƙasa irin su Helio A22 da Helio G36, waɗanda kira da ɗan WhatsApp kawai suka dace da su. Sama da su akwai Unisoc T606 da Helio G85, duka ƙirar nanomita 12, suna iya aikin yau da kullum in ba a matsa musu ba. Sai Helio G99 na kamfanin MediaTek, wanda ya fito a 2022, ƙirar nanomita 6. Ƙanƙantar wannan adadi na nufin injin bai cika shan batir ba, bai kuma cika ɗaukar zafi ba, kuma a garin da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Snapdragon 680 da 685 ma ƙirar nanomita 6 ne, suna cikin wasu wayoyin Redmi da Samsung. Ya ƙara mini da cewa kamfanoni kan sauya wa inji suna su sake fito da shi. Haka kuwa aka yi daga baya da Helio G100, wanda shi da G99 kusan abu ɗaya ne. Kada babbar lamba ta ruɗi mutum.

A kan RAM ne na fi ganin yadda ake wasa da hankalin mai saye. A wani shago yaron ya miƙo mini kwali yana murmushi.

"Alhaji, wannan RAM sha shida ce, ko kwamfuta albarka."

Na juya kwalin. Ga 16GB ɓaro-ɓaro, amma a gefensa akwai wani ɗan tauraro, a ƙasa kuma da rubutun da sai ka kanne ido an sa 8+8. A wata wayar 4+4 ne ake kira takwas. Lambar farko ce RAM ta gaske. Ta biyun aro ce daga ma'ajiyar wayar, wadda ba ta kai ta gasken sauri ba ko kusa. Ni da harshen shago na fahimci abin: RAM ita ce kantar da kake baza atamfa a gaban mai saye, ma'ajiya kuma sito ce. In ka ware wani lungu a sito ka ce shi ma kanta ne, duk sanda aka nemi turmi sai ka tashi ka shiga ciki. Ga mai aiki irin nawa, da ke tsalle tsakanin WhatsApp da banki da kyamara, 4GB ta gaske ita ce mafi ƙarancin abin da za a lamunta, 6 ko 8 kuma su ne kwanciyar hankali. Mai 2GB ko 3GB yawanci Android Go ke kanta, wato wanda aka rage wa nauyi. Ba laifi ba ce ga dattijon da ke son kira da sauraron karatu, amma ba ta kasuwa ba ce.

Ma'ajiyar ma iri biyu ce. Akwai eMMC, tsohon yayi, akwai UFS 2.2 da ta fi ta saurin buɗe abu da adana shi, kuma wayoyin da ke da G99 kan zo da ta biyun. Girma kuwa, 64GB ba ta kai ko'ina ga wanda ke cikin zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwa da na dangi da na masallacin unguwa. Android da manhajojin da suka zo da wayar sun riga sun ci wani kaso tun kafin ka ɗauki hoto ɗaya. Na sa a raina daga 128GB zuwa sama.

Kyamara ce ta fi damuna, nan kuma ban bi maganar kowa ba. Na taho da ƙyallen atamfa a aljihu, mai launin ruwan hanta da zanen ruwan goro, domin wannan launin ne ya fi jawo mana rigima da masu saye. Kyamara mara kyau sai ta mayar da ruwan hanta ja, mace ta biya kuɗi, kaya su isa Garwa ta kira ta ce ba shi ta zaɓa ba. Duk wayar da aka ba ni ta gwaji, sai in shimfiɗa ƙyallen a kan gilashin kanta in ɗauka a ƙarƙashin farin ƙwan shagon, in fita baranda in sake ɗauka a hasken rana, sannan in tura wa wayar ɗan yayata mu kalla tare da ƙyallen a hannu. Wata mai 50MP, wato megafiksel 50, ta fitar da launin daidai har zaren saƙar ana gani. Wata mai lamba iri ɗaya ta ƙara masa armashi, ya yi kyau a ido amma ba shi ba ne. Masu shagon suna ta dariya, ɗaya ya ce bai taɓa ganin mai sayen waya da tsumma ba.

Yawan megafiksel bai faɗi komai a kan wannan ba. Mai 50MP a aikin yau da kullum haɗa ɗigo huɗu take yi su zama ɗaya, hoton ya fito wajen 12MP, WhatsApp kuma ya sake matse shi in ba ka zaɓi HD ba. Idanun kyamara uku da ake jerawa a baya su ma sau da yawa ɗaya ne ke aikin kirki, sauran ado ne. Kuma duk wayar da ke wannan farashin, in duhu ya yi hotonta sai a hankali. Ni dai da rana nake ɗaukar kaya.

Batun 5G ban ɓata lokaci a kansa ba. MTN ta fara shi a Najeriya a 2022, Airtel ta biyo baya a 2023, amma 4G ta ishe ni tura hoto, kuma waya mai araha da aka sa wa 5G sau da yawa an rage mata wani abu a fuska ko kyamara don kuɗin su daidaita. Batir ma kusan duka 5000mAh ne a lokacin. Bambancin yana wurin caji. Mai wat 10 sai ta yi awanni a jone, mai wat 25 ko 33 kuwa in an kawo wuta na awa ɗaya ka samu abin da zai kai ka yamma. Duk wanda ya taɓa barin wayarsa a rumfar masu caji ya san darajar wannan.

Na daɗe ina juya batun ta hannu. Da kuɗin sabuwa ta tsakiya ana iya samun babbar waya ta shekarun baya da aka shigo da ita daga Ingila ko Amurka, kuma gaskiya kyamararsu ta fi. Ɗan yayata bai hana ni ba, drowar teburinsa kawai ya jawo. Cike take da irin waɗannan wayoyin, wasu batir ya kumbura ya ɗaga murfin baya, wasu fuskar ta fashe masu su suka ji kuɗin sabuwa suka bar su nan. Fuskar AMOLED, wato mai kaifin launi, ta babbar waya kan kusa kai kuɗin ƙaramar sabuwar waya. Ga kuma tsohuwar waya da kamfani ya daina aiko mata sabuntawar tsaro, alhali dukiyar mutane ke bi ta cikinta. Abin da ya fi tsorata ni shi ne asali. A garin da ake fama da ƙwacen waya, sayen ta hannu ba rasit ba kwali na iya kai mutum ofishin 'yan sanda a kan laifin da bai san hawa ba bai san sauka ba, domin kowace waya tana da lambar IMEI da ake iya bin sawunta da ita. Wanda ya san kan waya, ya kuma san mai sayarwa, zai iya cin riba a ta hannu. Ni ban ga dalilin sa kaina a wannan ba.

An kuma yi mini tayin biya kaɗan-kaɗan. Na lissafa jimillar abin da zan biya, ta zarce farashin lakadan sosai, kuma in ka makara a biya ana kulle wayar daga nesa. Wayar da ake karɓar kuɗin mutane da ita ba ta kulluwa ranar kasuwa.

A ƙarshe uku suka rage mini, duka masu Helio G99, duka fitowar ƙarshen 2023: Samsung Galaxy A15, Infinix Hot 40 Pro da Tecno Spark 20 Pro. Ta Samsung tana da fuskar AMOLED, kuma kamfanin ya yi alkawarin sabunta mata Android sau huɗu da sabuntawar tsaro na shekara biyar. Wanda ke riƙe waya ya lallaɓa ta shekara da shekaru, wannan ce tasa, ban da tantama. Sauran biyun 'yan gida ɗaya ne, domin Tecno da Infinix da itel duka na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen, kuma Carlcare ke kula da gyaransu. Fuskarsu ta gama-gari ce, wato LCD, mai FHD+ da ke fitar da hoto tangaram, cajinsu wat 33. Na ɗauki Spark 20 Pro mai RAM 8 ta gaske da ma'ajiya 256GB. Dalilina ba na burgewa ba ne. Wayata hannu-hannu take bi a shago, yara na ɗaukar hoto da ita, tana faɗuwa tsakanin diloli, kuma kayan gyaranta ba sai an aika Legas ba. Mutane kan ce sayen nagari mayar da kuɗi gida, amma nagari a wurina har da wadda in ta fashe yau gobe tana aiki.

Kafin in biya, a gabana aka yanke sil ɗin kwalin. Na danna *#06#, lambar IMEI ta fito, na gwada ta da wadda ke jikin kwali, sannan na sa aka rubuta ta a rasit tare da kwanan wata da hatimin shago, saboda garanti. Ɗan yayata ya sauke wata 'yar manhaja, CPU-Z, ta nuna mana sunan injin da ainihin RAM, domin jabun waya kan yi ƙarya a shafinta na bayani. Na sa layukana biyu na kira gida, na jona caja na ga tana shiga, na gwada lasifika. Duka bai kai tsawon cinikin turmi ɗaya da mace mai taurin taya ba. Na ƙara 'yan kuɗi aka manna mata gilashin kariya, aka sa mata riga.

Sauran aikin a gida na yi shi. Wayoyi masu araha kan zo da tarin manhajoji da ba ka nema ba, wasu suna turo talla. Na goge waɗanda ke goguwa, sauran na rufe musu sanarwa. Na hana WhatsApp sauke hotuna da bidiyo da kansa, wanda shi ke cika waya ba ka sani ba, hotunan kayan da aka sayar kuma duk ƙarshen wata nake share su. Ba na barin ta a kan kanta inda rana ke dukanta, ba na kuma aiki da ita tana caji da tsakar rana, domin zafi ne ke kashe batir kafin lokacinsa. Hoton atamfa kuwa, in mai saye ta cika tantama a kan launi, a matsayin fayil nake tura mata shi don kada a matse, in haɗa da ɗan bidiyo da na ɗauka a bakin ƙofar shago.