Yadda na ɗaura wa motata amfilifaya mai layi huɗu

A jikin kwalin amfilifayar (na'urar ƙara wa sifika ƙarfin sauti) da na saya kusa da Kasuwar Wunti an rubuta wat 2000 da manyan lambobi. Da murnata na kai wa wani dattijo mai riwaya a Yelwa. Ko kallon kwalin bai yi ba, sai ya juya amfilifayar ya nuna mini fis biyu a jikinta, kowanne amfiya 25.

"Ɗana, lissafa da kanka. Altaneta bolt 14 take bayarwa. Hamsin sau 14, 700 ke nan. Abin da bai shiga ba, ta ina zai fita?"

A takardar ciki muka ga gaskiya: wat 60 RMS (wato ƙarfin da take iya bayarwa a kai a kai) kowane layi, a kan sifika mai om 4. Kuma wallahi hakan ya ishi Corolla. Layi biyu muka ba sifikun ƙofofin gaba, sauran biyun ya haɗe su suka zama ɗaya, suka riƙe wufa, babbar sifikar ganga, a but. Ya ja kunnena cewa wufar ta tsaya a om 4, domin in an haɗe layi aka sa mai om 2, kowane layi nauyin om 1 yake ɗauka, sai ƙonewa.

Inda na yi kuskure shi ne waya. Dattijon ya ce tagulla zalla mai kauri lamba 4, ni kuwa na ga mai araha na ɗauka. Cikin zafin Afrilu, a hanyar Alkaleri, ganga na bugawa sauti ya ɗauke, jar fitila ta kama. Da na koma, ya kankare bakin wayar da wuƙa: fari fat a ciki, alminiyam ne aka shafa wa ruwan tagulla. Na sake saye, raina a ɓace. Ya sa fis bai kai kamu biyu daga batir ba, ya kuma fito da amfilifayar daga ƙarƙashin kafet don ta sha iska.

Akwai wani siririn kuka da ke tashi duk lokacin da na taka totur. Wayar at ce, wadda ake haɗawa da ƙarfen jikin mota, aka ɗaure kan fenti. Ya goge wurin har ƙarfe ya fito, ya raba wayoyin sauti da ta wuta, kowacce ta bi gefenta.

Ɗan makunnin da aka rubuta GAIN kuwa, da kunne ya saita shi, yana murɗawa a hankali har sifika ta fara kakari, sannan ya dawo baya kaɗan. Ya ce kada in sake taɓa shi, kuma ban taɓa ba.