Farantin Dodo: aikina a makon Halowin

Daga tsakiyar Oktoba wayata ba ta hutawa. Ganyen bishiyoyi ya koma ja da ruwan ɗorawa yana ta zuba, sanyi ya fara shiga ƙashi, kowane kanti a Bronx, yankinmu na birnin New York, ya jibge kabewa a bakin ƙofa. A irin wannan lokaci kusan duk odar da ke shigo mini ta abu ɗaya ce: farantin da za a ajiye a tsakiyar tebur daren Halowin, 31 ga wata, baƙi su gan shi gabansu ya ɗan faɗi, sannan su miƙa hannu su ci.

Sana'ata ita ce haɗa abin da mutanen nan ke kira shakutari. Kalmar Faransanci ce, asalin ma'anarta dafaffen nama, kuma tun ƙarni na 15 masu wannan aiki a Faransa suna da ƙungiyarsu ta sana'a. Naman alade suke sarrafawa da gishiri da hayaƙi da shanya. A Amurka sunan ya faɗaɗa, duk katakon da aka jera wa yankakken nama da cuku da 'ya'yan itace da biskit, shakutari ake ce masa. Nawa na halal ne, kuma da wannan na samu kasuwa, domin akwai ofisoshi da makarantu da gidaje da yawa da ke da Musulmi a cikin baƙinsu, suna son kowa ya ci ba tare da ya tsaya tambaya ba. Ni da ƙanwata muke yi. Muna hayar kicin mai lasisi, ana biya da awa, saboda a New York doka ba ta yarda ka sarrafa nama a kicin ɗin gidanka ka sayar ba. Kafin mu fara sai da na zauna jarrabawar tsaftar abinci ta ma'aikatar lafiya ta birni.

Wahalar aikin duk a cefane take. Jerawa awa ɗaya ce, amma neman abin jerawa yakan ci kwana biyu. Cukun mozarela a Arthur Avenue nake saya, unguwar Italiyawa da ke nan Bronx, inda ake murza shi da hannu a cikin ruwan zafi kullum safiya. A titin nan za ka ga tsiran alade rataye a rufin shago kamar an shanya masara, don haka cuku kawai nake ɗauka in wuce. Nama sai na je shagunan Larabawa na Bay Ridge a Brooklyn, ko na Turkawa a Paterson ta jihar New Jersey. Can nake samun basturma, naman saniya busasshe da aka shafe da kwaɓin hulba da tafarnuwa da jan barkono. In an yanka shi siriri, tsakiyarsa ja wur, gefensa ruwan ƙasa, kamar don daren Halowin aka yi shi. Sai sujuk, niƙaƙƙen nama mai yaji da ake ɗurawa a hanji, wanda dole a ɗan soya shi kafin ya hau katako.

Abin da sabon shiga ba ya ganewa shi ne, ganin an rubuta "naman saniya" a jikin leda bai isa ba. Salami, wato niƙaƙƙen naman da ake busarwa a cikin hanji, ko na saniya ne ana iya ɗura shi a hanjin alade. Biresawola ta arewacin Italiya, wadda saniya ce zalla, wasu da giya suke jiƙa ta, balle a zo maganar yanka. Cuku ma da nasa: yawancin na gargajiya da wani sinadari ake daskarar da madararsa, wanda ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi, kuma cukun farmesan na asali ba a yin sa sai da shi. Malamai sun yi saɓani a kan wannan, ni dai nakan ɗauki wanda aka rubuta cewa ba na dabba aka yi amfani da shi ba, hankalin kowa ya kwanta. Duk lokacin da nake tsaye ina karanta ƙananan rubutun nan sai in tuna matan Fulani da ke daskarar da wara da tumfafiya, babu wanda ya taɓa buƙatar tambayarsu. Akwai kuma cukun da ake wanke bayansa da giya. Hatta alewar nan mai siffar tsutsa, wadda kowa ke son a zuba masa a farantin Halowin, yawanci da jelatin, sinadarin da ke sa ta danƙo, na alade ake yin ta. Shekarar farko har na sayo jaka guda, ƙanwata ce ta juya bayan ledar ta ce, "Yaya, kin karanta nan kuwa?" Tun daga ranar ta Turkiyya nake nema, mai tambarin halal.

Amma sarkin farantina kilishi ne. A Kano na tashi, kuma duk wanda ya taɓa bi ta Agadasawa da rana ya ga nama shanye a kan gadaje ya san cewa mu ma muna da namu shakutarin tun kafin mu ji sunan. Ba a yarda a shigo da nama daga Najeriya zuwa Amurka ba, jami'an filin jirgi ƙwacewa suke yi, saboda haka da kaina nake yi. Rana irin ta Kano babu ita a watan Oktoba na New York, tanda ce ke maye gurbinta. Ina yanka cinyar saniya tana ɗan daskare don ta yanku fale-fale, in tabbatar zafin cikinta ya kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyos kamar yadda ma'aikatar noma ta Amurka ta ba da shawara ga mai busar da nama, in busar, in tsoma a labu mai citta da kanumfari da masoro da albasa, in sake mayarwa tanda. Tun yana da ɗumi, kafin ya yi ƙaras, nake sa almakashi in yanka shi siffar fukafukin jemage. Bature zai ɗauka yana dariya, ya ciza, ya yi shiru, sannan ya dawo neman na biyu.

Kilishi kuwa gyaɗa ce a jikinsa, kuma a ƙasar nan gyaɗa ba abin wasa ba ce. Akwai yaran da ɗan kaɗan ya isa ya toshe musu numfashi. Dokar Amurka ta ware abinci guda 9 da dole a bayyana su a jikin leda, riɗi ne na baya-bayan nan, ya shiga jerin ranar 1 ga Janairun 2023. Tambayata ta farko ga mai oda ita ce ko akwai wanda jikinsa ba ya karɓar wani abu. In akwai mai matsalar gyaɗa, kilishi ba ya zuwa gidan kwata-kwata, ko da a kwano daban ne.

Launi uku nake nema: baƙi, ruwan lemo, da ja mai duhu. Baƙin inabi, baƙin zaitun, dabino, busasshen ɓaure, su ne dare. Cukun cedar mai ruwan lemo da busasshen afirkot su ne wutar kabewa. Rumman da basturma su ne ja. Wasu na neman biskit baƙi ƙirin na garin gawayi, ni ba na sa shi. Hukumar lafiya ta New York ta hana sa gawayin a abincin sayarwa, kuma yana iya tsotse maganin da mutum ya sha. Baƙin riɗi ko habbatus sauda a kan biskit sun wadatar.

Ƙananan kwanuka nake fara ajiyewa, domin su ne turakun da komai zai jingina da su. A kan kwanon humus, kwaɓin niƙaƙƙen wake irin na Larabawa, nake zana saƙar gizo da kindirmo mai kauri: in yi zobba uku, ɗaya cikin ɗaya, in ja tsinke daga tsakiya zuwa baki sau takwas. Gizo-gizon kansa zaitun biyu ne, rabin ɗaya jiki, sauran a yanka sirara su zama ƙafafu takwas, kuma da hantsaki ake ɗora su don yatsa ɓata saƙar yake. Lemon tanjarin in an ɓare shi aka soka ɗan guntun seleri a ka, ya zama kabewa. Ƙananan ƙwallayen mozarela kuma, in aka ɗan huda aka dasa yankakken koren zaitun mai jan barkono a tsakiya, sai su zuba maka ido daga cikin kwano. Waɗannan nake kira idon Dodo. Sai an tsane su sosai da tawul, in ba haka ba ruwansu zai gangara ya jiƙa kilishi. Biskit ba ya kwana a firji tare da sauran kaya, laushi yake yi, a leda daban yake tafiya. Lissafina kusan giram 60 na nama da 60 na cuku ga kowane baƙo in akwai wani abinci a bayansa, in kuwa shi ne abincin daren sai in ninka.

Akwai abin da ba na yi, kuma ya sa na rasa oda ba sau ɗaya ba.

Asalin wannan dare na mutanen Ailan da Sikotlan ne na dā, bikin ƙarshen kaka, lokacin da suka yi imani cewa matattu na kusantar masu rai. Daga baya coci ta sa ranar tunawa da waliyyanta a 1 ga Nuwamba, daren jajiberinta ya zama Halowin. 'Yan Ailan da yunwar da ta fara a 1845 ta koro suna cikin waɗanda suka kawo al'adar Amurka. A can wata saiwa mai tauri suke fafewa su sa kyandir, da suka zo suka tarar kabewa ta fi sauƙin fafa. Yau yawancin masu yi ba sa tuna wannan tarihi, shagalin yara ne da alewa. Amma mutuwa na nan a cikin adon. Hotunan da ake turo mini a waya a ce "irin wannan nake so" su ne ƙoƙon kan mutum na roba da aka lulluɓe da jan nama kamar an feɗe fuska, biskit mai siffar dutsen kabari, yatsun cuku masu farcen almon, da wani cuku mai laushi na Faransa (brie) da aka nannaɗe da zaren fulawa kamar gawa.

Wata mata mai kirki, wadda ta daɗe tana sayen kayana, ta turo mini hoton na ƙarshen nan shekaru uku da suka wuce. Na daɗe ina kallonsa. A wannan shekarar ne mahaifiyarmu ta rasu, Allah ya jiƙanta, kuma Allah ya sa ina gida Kano. Ina cikin waɗanda suka yi mata wanka. Ni na riƙe gefen likkafani lokacin da Goggo ke ɗaure ƙullin ƙafa, tana ce mini, "Ja a hankali, 'yar nan, kada ki matse ta." Hannun da ya yi wannan ba zai nannaɗe cuku ya lanƙaya masa idanu don a yi dariya ba. Na kira matar na gaya mata gaskiya. Ta yi shiru, ta yi mini ta'aziyya, ta ce in yi abin da raina ya kwanta da shi. Na kai mata jemagu da gizo-gizo da idon Dodo, kuma har yau tana oda.

Ba kowa ke amsawa haka ba. Wani ya ce mini shi abokin ciniki ne, abin da ya biya shi za a yi masa. Na mayar masa da kafin alƙalaminsa a ranar. Daga ɗaya ɓangaren kuma, yayan mijina yana ganin bai kamata in taɓa aikin wannan dare ba ko kaɗan, kuma maganarsa tana da tushe, malamai da yawa sun hana Musulmi shiga bikin. Ya faɗa mini a gaban mijina, na saurara, na ce, "Yaya, na ji, Allah ya saka da alheri." A gidana ba ma yin bikin, 'ya'yana ba sa sa kayan dodanni su bi gida-gida. Abinci nake sayar wa maƙwabtana a ranar da suke taruwa, kamar yadda nake sayar musu ran aure da ran haihuwa. Na kuma zaɓi tsoron da na sani tun ina ƙarama, irin na tatsuniya bayan sallar isha'i, inda Dodo ke ɓoye a tafki, Gizo ke ƙulla dabara, yara su ƙanƙame juna suna roƙon a ci gaba. Wannan tsoron babu gawar kowa a cikinsa.

Ranar 31 tun asuba muke shiga kicin. Kowane katako na fita da 'yar takarda a manne: a fito da shi daga firji rabin awa kafin a ci don cuku ya saki, kada ya wuce awa 2 a kan tebur, domin tsakanin digiri 4 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Masu son hayaƙin ado na busasshiyar ƙanƙara (dry ice) ina gargaɗinsu su ajiye ta a kwano daban nesa da abinci da hannun yara, sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifiri, ƙona fata take yi nan take. Ƙanwata ke zama a kujerar baya ta dafe akwatunan, ni ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, ga shi tun la'asar tituna sun cika da yara sanye da kaya iri-iri suna tsallakawa ba duba hanya. A kowace ƙofa sai na buɗe murfin na duba, in ƙafar gizo-gizo ta goce in mayar da ita da hantsakin da ke aljihuna. Guntattakin kilishin da almakashi ya bari nakan tara a leda in kai wa yara gida, washegari kuma mu fara lissafin odar Thanksgiving, ranar godiya ta Amurkawa, wadda ke zuwa Alhamis ta huɗu a Nuwamba.